Kafin Ku Kama Hanyar Jalingo

Daura,
ranar Laraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ummi,

Ina yi miki sannu da gajiyar ɗaure kaya, da ta 'yan sallama da suke ta shige da fice a gidanki tun makon jiya. Ki gaishe mini da maigidanki. Ki shafa mini kan angona Sadik, ki ce masa matarsa ta Daura ta yi fushi, tunda zai tafi ya bar ta ba ko goro. Allah Ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi wa babansa ya zame muku alheri, Ya kai ku Jalingo lafiya, Ya sa ruwan garin ya karɓe ku.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali tsakanin gidana da naki ko takalmi ba ya ɗaukar ƙura. Kin dai san yadda muke. Ke ce ta fari, ga kuma sunan uwar mijina a kanki, ban saba zaunar da ke in yi ta zuba ba. Jiya da kika zo na yi ta buɗe baki, sai in ji abin da ya fito shi ne, "Kin ɗaure tukwanen da kyau?" Ga shi kuma ƙarfi ya ja baya. Doguwar magana numfashi take cinye mini, rubutu kuwa ina iya ajiyewa in kishingiɗa in dawo. Shekarun da na yi riƙe da alli a firamare, ko ba su bar mini komai ba sun bar mini wannan.

Na ji kun tsayar da shawara da motarku za ku tafi, shi yana tuƙi, ke kina gefe. Ban hana ba, ba ni ma da ikon hanawa. Amma tun da na ji, abinci ya daina yi mini daɗi. Shi dai na san abokansa za su cika masa kunne da shawara. Mai zaman gefe ce ba a yi wa magana, kamar ita ma ƙunshin kaya ce aka ɗora a kujera. Ni na zauna a wannan kujerar, na san akwai aiki a kanta.

Kin san a hanyar Yola babanku ya samu ƙafar nan tasa. Kina cikin motar, sai dai ba ki yi wayo ba. In an tashi ba da labarin, cewa ake yi tsautsayi ne, kuma gaskiya ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ni na ga yadda aka yi ta share masa hanya tun daga tsakar gidanmu, kuma tsintsiyar ta fi daɗewa a hannuna. Zan gaya miki yadda tafiyar ta kasance tun daga farko, ki tsinci abin da zai amfane ki.

Innarku Rabi ce ta haihu a Yola, haihuwar fari. Mu biyu ne wurin uwarmu, uwar kuma ta rasu, don haka ni ce uwa. Lokacin wayar hannu ba ta zo mana ba. Ta bakin wani direban babbar mota saƙon ya iso, kuma kafin ya iso suna ya matso. Babanku bai daɗe da sayen Fijo ba, ta hannu ce, fara, yana ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Ya ce, "Malama, ki bari a yi sunan, mu je daga baya a tsanake. Motar nan ba ta taɓa wuce Kano a hannuna ba."

Na ce, "Malam, in ban je sunan nan ba, da wane ido zan dubi Rabi? Wa take da shi?"

Na yi kuka, na ƙi cin tuwo. Daga ƙarshe ya ce to.

A nan na fara kuskure. Na ɗaure tafiya mai nisa a jikin ranar da ba ta matsawa, daga nan duk abin da muka yi cikin gaggawa muka yi shi. An ce mini ranar Litinin maigidanki zai kama aiki. To, kada ku ce sai Lahadi za ku tashi. Ku bar wa kanku rarar kwana, yadda in mota ta yi gardama, ko jiki ya ƙi, za ku kwana a inda kuke ba tare da zuciya tana tsalle ba. Jalingo ba gudu za ta yi ba.

Ana gobe tafiya, babanku ya yi niyyar kai motar wurin bakanike ta wuni, shi kuma ya dawo ya kwanta. Ni kuwa na tashe shi tun da safe. Na ce ya je Dutsi wurin Hajiya, mai sunanki, ya karɓo gero da wake. Da ya dawo na ce an ce man shanu ya fi kyau a kasuwar garin Babban Mutum, ga kuma kanwar kunun maijego. Ya je. Da ya dawo na tura shi kasuwa neman sabulu da atamfa. Damina ce, ruwa ya tare shi a kasuwa ya yi masa dukan tsiya. Ya shigo gida yana atishawa, idonsa ya yi ja. Motar da za a duba ta wuni tana yi mini aike, direban da zai huta ya kwana da mura.

Ki riƙe wannan, Ummi. Ranar jajibirin tafiya ta direba ce. Ko gishiri ne ya ƙare, ki aiki wani. Ita kuma motar a kai ta wurin gyara tun gobe, ba ana gobe tafiya ba, don ya samu ya ɗan zaga da ita cikin gari, ya je Kazaure ya dawo in ya samu hali. Motar da aka taɓa, sai an hau ta take faɗin abin da aka manta ba a ɗaure ba. A duba birki, a yi mata juyen baƙin mai, a duba ruwan lagireto da fitilu. Taya kuma kada a dubi kyan fuskarta, a tambayi shekarunta. A tabbata safaya tana da iska, jak yana ɗagawa. Ba sai kin iya ko ɗaya daga ciki ba. Ki dai yi ta tambaya, "An duba kaza?" har ya gaji da ke ya je ya duba don ki ƙyale shi.

Abu ɗaya da babanku ya samu ya yi wa motar a ranar shi ne ya tsaya shagon Emeka ya sayi fambel na ko-ta-kwana. Emeka wani Ibo ne mai sayar da kayan gyaran mota kusa da tasha, ya daɗe a Daura har Hausa ta kama bakinsa, kuma suna ɗasawa da babanku. Da ya ji inda za mu, sai ya ce, "Malam, Yola ba nan kusa ba ce. Ka raba ta biyu, ka kwana a Gombe. Yayana yana can, sana'armu ɗaya, yana da ɗakin baƙi." Babanku ya zo ya gaya mini. Na taɓe baki na ce, "Mu kwana gidan mutanen da ba mu sani ba, addini ba ɗaya ba, abinci ba ɗaya ba? Mu dai wuce, ko tsakar dare ne ma isa." Ki ajiye wannan a ranki, zan dawo kansa.

Sai kaya. Har yau in na tuna lodin da na yi wa motar nan kunya take kama ni. Buhun gero, wake, daddawa, kuka, man shanu, kanwa, dubulan, kayan jariri. Har da sabon turmi da taɓarya, don Rabi ta taɓa cewa ba ta samu turmi mai kyau a can ba. But ya cika, kariyar saman mota ta cika, na koma kujerar baya na cika ta har rufi. Babanku ya zaga motar ya ga bayanta ya zauna, ya ce, "Malama, mota ce fa, ba raƙumi ba." Na ce ai ba za ni gidan ƙanwata hannu yana dukan cinya ba. Safaya tana can ƙarƙashin komai. Ke kuma ba inda za a kwantar da ke, sai na ɗora ki a cinyata a gaba.

Hali zanen dutse. Cikin makon nan sai ga ni na sake ɗaure miki buhuna a zaure, gero da wake da gyaɗa. Babanku ya dogara sandarsa ya tsaya yana kallonsu, ya ce, "Malama, a Jalingo ma fa ana noma." Na kwance su. Kuka da daddawa kawai za ki gani a leda, ki yi haƙuri da su. Kayanku masu nauyi ku ba masu babbar mota a tasha su biyo ku da su, ko da za su yi mako a hanya. Kujerar baya ta Sadik ce, a ɗaure shi da bel, ko ya yi kuka ya gaji ya yi shiru. Kada ki ɗora shi a cinya a gaba, komai rigimarsa. Kada a sa wani abu mai nauyi a bayan kawunanku. Abin da za ki ajiye kusa da hannu kaɗan ne: ruwa mai yawa, buta, abincin da ba ya lalacewa, maganin zazzaɓin yaro, zani, tocila, abin cajin waya. Takardun motar kuma su zauna inda za a miƙa su ba tare da an kwance kaya ba, don shingayen hanyar nan suna da yawa. In an tsayar da ku, ki taya shi sanyin baki, gaisuwa ta fi gardama saurin buɗe shinge.

Mun yi da babanku ana sallame asuba za mu tashi. Ya yi salla ya zo ya tayar da mota. Ni kuwa ɗinkin da zan sa ranar suna yana wurin tela, ya yi alkawarin daren jiya bai cika ba. Na ce ba inda za ni sai da shi. Muka zauna. Babanku ya kashe mota, ya sake tayarwa, ya sake kashewa. Maƙwabta suka ga ba mu tafi ba, suka fara shigowa sallama karo na biyu, kowa da saƙonsa. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar Daura. Sanyin safiyar da ake cin nisa da shi, a ƙofar gida muka ƙone shi saboda atamfa.

Ku in gari ya fara haske ku kama hanya. Abin da bai shiga mota ba tun dare, ba rabonsa ba ne. Kuma zamaninku ya fi namu wuya. Mu ramuka da shanu muke tsoro, ku kuwa kin san abin da ake ji a hanyoyi yanzu, ba sai na rubuta shi ba. La'asar ta same ku a cikin garin da za ku kwana, ba a daji kuna lissafin saura kaɗan ba. Ku raba tafiyar biyu. Na san maigidanki yana da taswira a waya, na ga yana nuna wa babanku. Tana da amfani, amma ita hanya ta sani, ba ta san abin da ya faru a kanta jiya ba. Ya shiga tasha ya nemi direbobin da suka dawo daga can cikin kwanakin nan, ya tambaye su inda gada ta karye, da inda ba a tsayawa, da inda ake samun mai. Matambayi ba ya ɓata. In wani ya ce ga yanke ta cikin ƙauyuka, ku gode masa ku bi kwalta. Mai kuma kada ya jira sai ya kusa ƙarewa, in ya sauka rabi ya ƙara.

Na ajiye biro na yi azahar na ɗan kwanta. Abin da ya rage shi ne mai nauyin.

Mun wuce Kano lafiya. Gab da Wudil tayar baya ta yi faci, don nauyin ya fi ƙarfinta. Kafin a kai ga safaya sai da aka sauke duk abin da ke but a bakin titi, rana tana tsaka. Babanku yana ta haki da mura, gumi yana zuba, masu wucewa suna leƙen turmi suna dariya. Da ya gama ɗaurewa ya miƙe, ya jefar da sifana ya ce, "Duk wannan wahalar ke kika ja mana."

Na ce, "Da ƙanwarka ce ta haihu, ai da ba ka kira ta wahala ba."

Ya dube ni, na dube shi. Muka mayar da kaya, muka shiga mota, ba wanda ya sake cewa komai.

A Birnin Kudu ya rage gudu wajen masu abinci, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Za a ci wani abu?" Na ce na ƙoshi. Yunwa kuwa kamar ta kashe ni. Da ya ji haka shi ma ya ƙi ci. Muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru, kowa a gefensa. Na ga ya ɓallo maganin mura ya kora da ruwa, cikinsa ba komai. Ga dubulan cike da kwano a bayana, hannu kawai zan miƙa. Ban miƙa ba.

Ummi, mota ɗaki ce da ba a fita a sha iska a dawo. Duk abin da ya haɗa ku a hanya, ki haɗiye shi sai kun sauka, in ya so a Jalingo ki yi masa gabar mako guda. Mutumin da ya riƙe sitiyari, ranki da na ɗanki ne a hannunsa, ba lokacin nuna masa kuskurensa ba ne. Ki ciyar da shi ko ya ce ya ƙoshi. Abinci marar nauyi, kaɗan kaɗan, da ruwa. Kada ki bari ya sha maganin mura ko wani mai sa barci. In jikinsa ba daɗi, a ɗaga tafiyar.

Bayan Darazo hanya ta miƙe, motoci suka ragu. Rana ta yi sanyi tana bayanmu. Ke kin yi barci a ƙirjina, hannuna ya mutu da riƙonki. Sai na ga kan babanku ya yi ƙasa ya ɗago. Na ce ko idona ne. Can ya sake. Tayar gefena ta sauka kan tsakuwa, ya fizgo motar ya dawo da ita kan kwalta, ya yi gyaran murya kamar ba abin da ya faru.

Na gani. Maganar ta zo mini har kan harshe: "Malam, tsaya ka wanke fuska." Sai zuciya ta ce, in kika yi magana kin sauko ke nan, shi ya fara gaya miki baƙa. Ta kuma ce, in ya tsaya yanzu ba za ku kwana a Yola ba, suna kuma da sassafe ne. Na juyar da kaina wajen taga ina kallon gonakin dawa.

Ban san tsawon lokacin da muka ƙara ba. Na dai ji motar ta yi sama kamar ta rabu da ƙasa, ganye yana dukan gilas, sai ƙara. Mun gangara wani kwari mun daki itace ta gefensa. Buhun geron da turmin suka taho daga baya suka turo kujerarsa suka matse shi da sitiyari. Ke kika kuɓuce daga hannuna kika faɗa wurin sa ƙafa. Na ɗago ki, jini a goshinki, ba ki yi kuka ba sai da na girgiza ki. Wannan ɗan tabon da kike rufewa da ɗankwali ke nan. Gero ya watse ko'ina, har cikin bakina. Na kira babanku bai amsa ba. Na sake kira. Can ya ce, "Ummi fa?"

Wasu Fulani masu kiwo da manoman da suke kusa suka sheƙo. Da taɓaryar Rabi aka ɓanɓare ƙofar aka jawo shi, ƙafarsa tana reto. Suka tsayar da wata a-kori-kura, aka shimfiɗa shi a baya, na zauna kusa da kansa da ke a hannu, har Gombe.

A asibiti aka shige da shi, aka bar ni a baranda, ba zani na canji, ba wanda na sani a garin kaf. Sunan da ya faɗo mini shi ne na Emeka. Na roƙi direban da ya kawo mu ya je layin masu kayan gyaran mota ya tambayi yayan Emeka na Daura. Ban sa rai ba. Ba a jima ba sai ga mutumin da matarsa, ana ce mata Maman Ngozi, riƙe da fulas ɗin ruwan zafi da zannuwa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓe ki ta goya, ta ce, "Zo ki yi wanka, mijina zai tsaya wurin mijinki." Ɗakin da na taɓe wa baki a Daura, a cikinsa na kwana makonni. Ta shimfiɗa mini tabarma mai tsabta ta nuna mini gabas. In za ta dafa nama sai ta ce, "Wurin mahautanku na sayo, ci kada ki ji komai." Mijinta ne ya aika Daura da Yola aka sanar.

Don haka kafin ku tashi, ku san wanda kuke da shi a kowane babban gari na hanyar, a gaya masa ranar da za ku wuce. Lambobinsu kada su tsaya a waya kaɗai, waya tana mutuwa, tana fashewa. Kuma kada ki tsaya zaɓen wanda ya cancanci ya taimake ki. Maman Ngozi tana nan da ranta a Gombe, ta tsufa kamar ni, ɗan Emeka da yake riƙe da shagon yanzu zai yi wa maigidanki kwatance. In kun kwana a garin ki je ki durƙusa ki gaishe ta. Bayanta ya san nauyinki.

Sunan da na tayar da hankalin kowa a kansa, an yi shi lafiya lau ba mu. An yanka rago, an ci, an watse. Rabi ko arba'in ba ta yi ba ta hau motar haya da jaririyar ta same mu a asibiti. Ta ga ƙafar babanku a rataye, ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, da kin yi zamanki, ai da ni zan kawo miki ita." 

Sauran kin gan shi da idonki. Ƙashin ya haɗu a karkace. Mutumin da yake zaga ƙauyukan ƙasar Daura yana duba gonaki, aka mayar da shi bayan tebur har ya yi ritaya. Bai sake riƙe sitiyari ba. Fijo a can aka sayar da ita ga masu kwance ƙarfe. Duk damina, duk sanyi, ƙafar nan sai ta tashi, ni kuma in ɗauko man zafi. Shekara nawa ke nan, na daina ƙirgawa. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, ko sau ɗaya, tun wadda ya faɗa a Wudil. Wani lokaci nakan ce da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan aurenki, wata rana da yamma ina shafa masa man a tsakar gida, na ce, "Malam, ranar nan fa na ga kana gyangyaɗi. Na gani na yi shiru."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na san kin gani."

Na tsayar da hannuna.

Ya ce, "Ina ta satar kallonki, ina jira ki ce in tsaya. Idona kamar an zuba yashi. Na ce ba zan tsaya don kaina ba, kada ki ce na gaza."

Kaji suna ta kiwo a gabanmu. Can ya ce, "Ɗan matsa wajen gwiwar."

To, kin ji. Mu biyu a mota ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara buɗe baki. Maigidanki mutumin kirki ne, amma namiji ne, kuma wannan ce tafiyarsa ta farko mai nisa da iyalinsa. Ba zai ce miki ya gaji ba. Ke za ki duba. In kin ga ya yi shiru da yawa, ko yana murza ido, ko yana yawan gyara zama, kada ki ce masa, "Ka gaji." Zai ce a'a. Ki ce ke ce bayanki ya ƙage. Ki ce Sadik zai yi fitsari. Ki ce kina son sayen rake. Ki buɗe masa ƙofar da zai tsaya ba tare da ya ji ya faɗi ba, a cikin gari inda akwai mutane. In ya tsaya, ki ba shi ruwa ya wanke fuska, ki bar shi ya runtsa ko kaɗan ne. Ke kuma kada ki yi barci ki bar shi da hanya shi kaɗai. Ki yi masa hira, ko ta banza ce. In duk dabara ta ƙi, ki faɗa masa kai tsaye, da ƙarfi, ya ji haushi. Haushi yana wucewa.

Hannuna ya gaji, idona ma ya fara yaji, ga babanku yana kira a zaure. Ku zo mana sallama ana gobe tafiya, da rana. Ranar tafiyar kada ku biyo ta nan, za mu ɓata muku safiya da addu'o'i da ƙarin leda. Duk garin da kuka shiga ki kira ni, ba sai mun yi hira ba, ki ce "Mama, mun shiga wuri kaza," ki kashe. Wayar tana ɗaure a bakin zanina har sai kin ce kun sauke kaya.

Ku yi addu'ar hawa kafin ya tayar da mota, ku yi sadaka da abin da ya sawwaƙa a bakin gari. Allah Ya naɗe muku nisan hanya, Ya kawar da idon mugu daga kanku, Ya tsare gabanku da bayanku. Ya ba maigidanki ido a buɗe da zuciya mai sanyi, ke kuma Ya ba ki bakin magana a lokacin da ya kamata. Na damƙa ku ukun nan a hannun Wanda ajiya ba ta ɓata a wurinSa. In da rabon mu sake ganawa, Allah Ya sa a kan ƙafafunku za ku shigo mini.

Wassalam.

Mahaifiyarki.